Uwar Tururuwa da Geron Iri

A ƙauyenmu, kusa da Gangara, ba a yi wa yaro tatsuniya sai ya ci tuwo ya wanke hannu. Haka Kaka, uwar babanmu, ta tsara, kuma ba wanda ya isa ya sake mata tsari. Da an idar da sallar isha'i sai ta jawo tabarmarta bakin murhu, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta muna ture juna. Ni kullum cewa take in ja baya, wai kaina ya cika girma yana tare mata wuta. Haushi nake ji, amma ban taɓa matsawa ba.

Shekarar da nake son ba da labari, dokar ta faɗi da kanta, don sau da yawa babu abin da za a wanke wa hannu. Ruwa ya ɗauke tun gero bai ƙosa ba. Bazara ta same mu muna cin anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, waɗanda sai an jiƙa an zubar da ruwa, an sake jiƙawa, kafin su ciwu. Abin da ya rage a ƙasan rumbu geron iri ne kawai, zangarniyoyin da Kaka ta zaɓa da hannunta don shuka mai zuwa. Ƙanena Sani kuwa, da ba a daɗe da yaye shi ba, cikinsa ya ƙi anza. Ya rame har kuka ma ya rage yi.

Mata suka shiga tonon gidan tururuwa, don a ciki akan samu tsabar da suka tara. Wata rana na bi Inna, mahaifiyarmu, ta kafa dagi tana haƙa, sai ga wata aba ta fito cikin ƙasar tana mutsu-mutsu. Tsawonta bai kai taƙi ba, jikinta sumul yana sheƙi. Ba ƙafa, ba ido, kuma na rasa ina ne kai ina ne wutsiya, don gaba take yi ta yi baya duk ɗaya. Wasu sun ce maciji ne, wasu sun ce ƙadangare ne da Allah bai ba ƙafa ba. Kaka kuwa, uwar tururuwa take ce mata. Inna ta tura mata ƙasa da gefen dagi, muka bar ramin.

Da yammacin ranar na ji Inna tana ce wa Baba a sauko da iri a dama wa Sani kunu. Baba ya ce, "To, gobe da safe."

Kaka ta ji. Amma Baba ɗanta ne na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi magana da shi baki da baki. Tun da nake ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. Saboda haka da aka yi isha'i ta jawo tabarma, tukunyar anza na kan wuta, Baba na zaune bayan zana. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri ta zauna."

"Ta zo, mun ba ta," muka ce.

Wai an yi wata mata a shekarar yunwa, ta je tonon gidan tururuwa. Ta kwashe ɗakin sama, ta kwashe na tsakiya. Da ta kai na ƙasa sai ta tarar da uwar tururuwa kwance a kan tsaba. Abar ba ta da bakin da za a gani, amma matar ta ji murya daga cikin ramin: "Baiwar Allah, na sama naki ne, na tsakiya na bar miki. Wannan na baɗi ne." Matar ta ce 'ya'yanta na kuka, tafi ɗaya kawai za ta ɗiba.

Nan Kaka ta tsaya, ta gyara itace. "Ku ji ni, jikokina. Mai yunwa ba ya ɗibar tafi ɗaya. In hannu ya san hanya, gobe da kansa zai koma."

Matar ta koma washegari, ta sake komawa, har ta share ramin tas. 'Ya'yanta suna ci, amma ba sa ƙoshi. Wata safiya ta ga layin tururuwa ya taso daga tabarmar yaran ya nufi daji, kowace da ƙwaya a baki. Ta duba tukunya, a rufe take. Ta duba yaran, suna barci baki buɗe, daga nan tururuwan ke fitowa. Ta kwashi ragowar tsabar a guje ta kai ramin, ta zura hannu don ta mayar. Hannu ya shige, kafaɗa ta bi, kai ya bi. Ƙasa ta cika mata idanu har suka shafe, ƙafafunta suka manne da juna. Tun ran nan take ƙarƙashin ƙasa, ta yi gaba ta yi baya, tana neman hanyar gida.

"In kun tono ta, kada ku kashe," in ji Kaka. "Uwar wasu ce."

Ba ta rufe tatsuniyar ba yadda ta saba, ba ta kuma kore mu da tsokana ba. Tsoro ya kama ni sosai, na kwana da hannu a kan bakina. Bayan zana na ji Baba ya tashi, takalminsa ya yi nisa.

Da safe ba a buɗe rumbu ba. Kaka ta ɗauki ƙwarya ta tafi rugar Fulani da ƙafa, tsohuwa da ita, ta dawo bayan azahar da ɗan nonon da bai rufe gindin ƙwaryar ba, don shanun ma sun bushe. Haka ta riƙa yi har ƙafarta ta kumbura. Sani ya rasu kafin ruwan farko ya sauka.

Damina ta yi kyau. Aka shuka irin, gero ya yi yadda ba mu taɓa gani ba. Ranar da aka fara cin sabo, Inna ce ta daka, ta tuƙa, ta raba wa kowa. Ita ta koma gefe da ƙwaryar anza, ta ce ta saba da ita. Har geron shekarar ya ƙare bai shiga bakinta ba.

Yanzu ina zaune a Belbeji da jikokina, kuma na daɗe ina juya wannan dare a raina. Da ina yarinya na ɗauka labarin mai haɗama ne. Sai da na haihu na gane matar cikin ramin ba haɗama gare ta ba, 'ya'ya gare ta, kuma Kaka ta san haka sarai, shi ya sa ta hana a kashe ta. Na taɓa tambayar wata ma'aikaciyar likita ko kunu zai iya ceton yaro irin Sani. Ta ce watakila, watakila kuma ciwo ne ya riga ya ci ƙarfinsa. Ban iya ba Kaka laifi ba, ban kuma iya ce wa Inna ta yi kuskure ba. Duk wanda ke raye a gidanmu yau, da geron nan ya rayu. Mutum biyu ne kawai ba su ci ba, Sani da uwarsa.