Garba Katanga Bai Sayar da Wasa Ba

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar maigidana. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Yau zan kama, don ɓata shi aka yi kuma ni kaɗai na rage da zan wanke shi: Garba, wanda mutanen Kaduna suka yi wa laƙabi da Katanga. Ni ban yi boko ba. Da baki nake faɗa, 'yar farina tana rubutawa a nan Croydon, a ƙasar Turawa, kuma na gaya mata kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya.

Shi ne golan ƙungiyar ƙwallon masaƙarmu, lokacin da masaƙa take masaƙa. Albashi ake biyansu don ƙwallo kawai, ba sa taɓa zare. Akwai shekarar da duk wanda ya san unguwarmu Kakuri bai manta da ita ba. Tun saukar damina har aka fara cin sabuwar masara, babu baƙon da ya jefa masa ƙwallo a filinmu. Na Jos suka zo suka koma, na Ikko suka zo da makaɗansu suka koma shiru. Mu mata a tsakar gida muke kewaye rediyo, ni da tsohon ciki, in aka ce "Katanga ya kama" sai maƙwabta su rangaɗa mini guɗa kamar ni na kama. Kyaftin ɗin ƙungiyar Sale ne, aminin Garba. Ban san iyakar malmalar tuwon da ya ci a gidana ba.

Suna da wata doka. In babban wasa ya gabato, a makaranta ake killace su, kuma malamin ƙungiya ya gindaya sharaɗi: ɗan wasa ba ya taka gidansa sai an tashi, in ya taka aiki ya karye. Ana gobe wasan ƙarshe naƙuda ta kama ni, ta zo da gardama. Wata maƙwabciya ta aika masa. Bayan la'asar na ji tsayuwar babur. Bai shigo ba, a zaure ya tsaya har ya ji kukan jaririya, ya juya. Sale ne ya goyo shi, Sale ne ya mayar da shi. Surukata da hannunta ta miƙa wa Sale ruwa.

Washegari aka sheƙa ruwan sama, ƙwallo ta sulluɓe masa, aka ci su ɗaya. Kofi ya tafi. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa an ga gola ya sulale daga makaranta, wai wajen abokan hamayya ya je. Manyan ƙungiya suka zaunar da shi suka ce ina ka je? Ya sunkuyar da kai. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. Namijin wancan zamani ya buɗe baki gaban dattawa ya ce ya ruga gida saboda haihuwar fari? Gara a yanka shi. Kuma in ya faɗa, ya tona abokinsa. Sai ya jira Sale ya yi magana. Sale ya dubi silin ya ce, "Ni ban ma san ya fita ba."

Ba a rufa wata ba wata babbar ƙungiya ta ɗauke Sale. Garba aka mayar da shi kan injin saƙa, ya tsaya a kai har kunnuwansa suka toshe. Yara na binsa a layi suna "Katanga mai ƙofa." Ya hana ni magana, na bi umarninsa har ya koma ga Allah.

Nakan ce da zai ga yau. A talabijin ƙwallo ɗaya sai a maimaita ta ta ko'ina, kowa ya ga ruwa ne ko ha'inci. Na ga ɗan wasa a ƙasar nan ya bar fili ya tafi asibiti matarsa na haihuwa, jama'a na yi masa tafi. Da Garba ya yi dariya ya ce duniya ta rasa kunya. Ni kuwa kuka na yi.

Watan jiya ɗan Sale ya nemo mu. Mahaifinsa, Alhaji Sale yanzu, ya zo Marylebone, wata unguwa a birnin nan, za a yi masa aikin zuciya, yana son ganina. Na ɗaura ɗankwalina mafi tsada, muka shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Na same shi a flat ɗinsu, 'ya'ya da jikoki kewaye, ga hoton ƙungiyar a bango, a cikin hoton Garba na tsugune a gaban Sale.

"Hajiya Kande, an tsufa," in ji shi. "Kin ga halin da nake ciki. A yafi juna."

"Me zan yafe, Alhaji? Faɗa mini, ƙwaƙwalwa ta yi rauni."

"Abin da ya wuce ai ya wuce."

Na nuna 'yata. "Ka san wannan? Kai ka riga ni jin kukanta da kyau, ni a sume nake. Gaya wa 'ya'yanka wa ya tuƙa babur."

Ya dubi silin. Wallahi irin duban nan ne da aka ba ni labari. Ya ce a kawo wa Hajiya shayi. Na ce ruwan gidana da ya sha ya ishe mu, na miƙe.

Na san me Garba zai yi. Da ya kama hannunsa ya ce ba komai, har ya tambaye shi jiki. Wannan halin ne ya cinye shi, kuma shi ne abin da ya bar wa 'ya'yansa, ba na ƙin su da shi. Amma ni ban gada ba. Masaƙa ta mutu, filin an yanka shi filotai, dattawan da suka zaunar da shi duk sun tafi. Abin da ya rage na Garba sunansa ne, kuma yana cikin bakin mutum ɗaya.

An ce mini an sa ranar aikin. Kullum bayan salla ina roƙon Allah Ya tashi kafaɗar Alhaji Sale, Ya ƙara masa kwana, Ya bar masa harshensa garau. Kada wani ya ɗauka tausayi ne. Gawa ba ta ba da shaida, ni kuwa shaida nake jira.