Takardar Mai Gyaran Famfo

Shekarar da sojoji suka koma bariki, wata ƙungiyar malamai a Katsina ta shirya gasar rubutu kan kimiyya da fasaha, wai don a wayar wa talakawa da kai. Aka sa ni cikin alƙalai uku, ni kaɗai ce mace. Shugabanmu wani Alhaji ne, tsohon ma'aikacin ilimi.

Ni dai hanyata ɗaya ce: kowace takarda sai na karanta wa innata a tsakar gidanmu na Gobarau. In ta ci gaba da tsintar shinkafarta, rubutu ya faɗi. Na ɗauko ta wani lakcara kan kwamfuta, shafi tara. Ko layi uku ban yi ba ta ce, "Ke, wannan sammaci ne aka aiko mana?"

Sai na zo kan wata da aka rubuta da ajami, duk dangwalen baƙin mai. Wani mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne daga Ƙofar Guga. Ya bayyana yadda ruwa ke hawowa daga ƙasa, da abin da ke sa famfo ya dinga tari babu ruwa in robar ciki ta cinye. Inna ta ajiye faifai. Wallahi har hassada na ji, ni da ke koyar da kimiyya.

Ranar zama Alhaji ya ɗaga takardar da yatsu biyu. "Malama, wannan za mu kai gaban manyan baƙi? Mutumin da ko boko bai iya ba?"

"Ranka ya daɗe, talakawa aka ce ko manyan baƙi?"

"To, yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Mu biyu, ke ɗaya."

Lakcara ya ci. Na ƙi sa hannu. Duk da haka, saboda ina da murya, ni aka ba karanta rubutun da ya ci ranar biki. Na hau mumbari, na naɗe takardun lakcara, na fiddo ta mai famfo daga jakata. Na fara karanta ta, ɓacin rai ya fi ƙarfin tsoro. Alhaji yana ta "Malama! Malama!" ƙasa-ƙasa, na yi kamar kurma. Na san daga ranar ba ni ba kwamiti, haka kuwa aka yi. Ko a jikina.

Haka na karanta har ƙarshe. Can baya wani dattijo Bafulatani ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Malama, don Allah maimaita wurin robar nan. Namu wata biyu ke nan yana wannan tarin."

Na juya takardar na koma farko.