Tsohon da Ke Sauraron Jirginsa

A bakin ruwan Ikorodu, inda nake gyaran jiragen masu hali, wani tsoho yana durƙushe ƙarƙashin jirginsa mai ɗaki. Wuyan rigarsa ya ƙoƙe. Ina jin jirgin nan kaɗai ya rage masa.

Yana ƙwanƙwasa jikin jirgin da ƙaramar guduma, ya kasa kunne. Haka muke gane ruɓa.

Gbenro abokin aikina ya ce, "Baba, sabbin kujeru ba sa hana nutsewa fa!"

"Na sani, ɗana."

Kusa da inji sautin ya mutu. Ya sake bugawa: katakon ya ruɓe. Na gaji da ganin masu rufe irin wannan da fenti. Shi kuwa ya naɗe hannun riga.

"Ara mini zarto."

Na ba shi mai kaifin.