Iya Fanta Ba Ta Taɓa Wuya Sai Bazara

Duk Bande babu macen da Iya Fanta ba ta murza wa jiki ba. Mai tausa ce, darni ɗaya ya raba gidanta da namu. 'Yar Yekuwa ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ya bar ta da tabarma da yatsu kamar ƙarfe. Ta iya aikinta, ba ƙarya. Sai dai tsohuwar nan ta yanka jikin mutum kamar gonar gado, kowace gaɓa da lokacinta.

Da damana baya da ƙugu take yi saboda noma, ta kwantar da ke ta hau ki da diddige. Da kaka kafaɗa ce, don sussuka da daka. In sanyi ya shigo sai gwiwa, da man shanu mai ɗumi, ki fito kyanwa na bin ki har gida. Wuya kuwa sai bazara, lokacin ɗaukar ruwa daga rijiya, shi ma ba mai, ruwan randa kawai take shafawa.

Wai tana sabuwar amarya ta matsa wa wata mata gwiwa a tsakiyar damana, ruwa ya ɗauke kwana goma sha tara, gero ya ƙone. Tun ranar ta rantse. Matar maigari ma wata uku ta yi tana ɗingishi tana jiran sanyi.

To ni bara da kaka na yi barci ina kallon wayar salula, na tashi wuyana ya juya hagu ya ƙi dawowa. Ga shi saura kwana biyu in je Magariya ɗaukar hoton karti, wato katin shaidar ɗan ƙasa, don na gaji da jandarma suna sauke ni a mota saboda rashinsa duk sanda za ni sarin atamfa. Hoton da zai bi ni shekaru fa. Na shiga gidanta a karkace.

"Iya, ki taimake ni."

"Wa kike kallo can? Ga ni nan."

"Ai shi ya kawo ni."

Ta zagayo ta leƙa fuskata. "Wuya ne. Ki dawo in mangwaro ya nuna."

"Jibi ne hoton, Iya."

"Nazifa, waken mutane na shanye a gona. In taɓa wuyanki ruwa ya sauko a kai, ke za ki ciyar da Bande?"

"To ki yi min kafaɗa, hannunki ya ɗan zame sama. Wa zai sani?"

"Kafaɗar na ciwo?"

"A'a."

"Ina za ta yi ciwo, ke da ba ki san nauyin taɓarya ba. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi na tafi gidan ƙawata Ruma'isa, na karɓe mata sussuka. Dami biyu na yi fuskata na kallon garken awaki, rabin dukan a bakin turmi yake sauka. Da la'asar na koma, kafaɗuna kamar an ɗaura min duwatsu. Iya ta latsa, na yi ƙara, ta ce yanzu kam ciwon gaskiya ne.

Sai ta ɗauko gawayi ta ja layi a gindin wuyana. Ta kira maƙwabciyarta Fadi ta zauna shaida. Ta lakato man gyaɗa ta fara murza, daɗi har hawaye, amma yatsa na zuwa layin sai ya juya. Na ɗaga kafaɗa don layin ya hau sama, ta ɗaka min duka. Can wani ɗan gajimare ya leƙo ta gabas, ta cire hannu, mu uku muka zauna jira har ya wuce. Su biyu dai suka gan shi, ni yamma nake kallo.

Ranar hoto na hau moto mai taya biyu zuwa Magariya, kafaɗa lafiya lau, wuya yana nan inda yake. Mai hoton, wani Yunusa, ya ce, "Malama, kallo nan." Na ce ya zo ya gaya wa wuyan da kansa. Ya zagaya ni sau biyu, sannan ya ce in juya jikina duka in fuskanci bangon dama. Na juya, fuskata ta zo masa daidai. Ya ɗauka.

Kartin ya fito fuska sambal, amma kafaɗa ɗaya gare ni a ciki. Wuyan ya saki da kansa bayan kwana tara.

Yanzu ba a sauke ni a mota. Sai dai wani jandarma in ya karɓi kartin ya dube shi, ya dube ni, sai ya ce in gyara zama. In juya jiki ina fuskantar daji, in murɗo masa wuya. Sannan ya ce, "Ita ce," ya miƙo min abina.