Zanen Ruwa a Katangar Ya Falmata

Ban taɓa mantawa da ranar da aka miƙa mini bokitin jan fenti ba. Ku da kuka shigo aiki bayana, ku matso ku ji. Shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a nan ƙasar Haɗejia. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Kuma ni ba mai yawo ba ne, da an tashi ofis sai gida, wajen matata Hansatu da awakina.

Ga yadda dokar take. In aka ce gini ya tare hanyar ruwa, sai a kai wa mai unguwa takarda, a shafa wa ginin jan fenti, a ba mai shi kwana goma sha huɗu. In bai rushe da kansa ba, hukuma ta rushe.

A waccan daminar ruwa ya shiga wata unguwa ta bakin fadama har gwiwa. Sabon shugaban sashenmu, Injiniya Bashir, mutumin kirki ne sai dai akwai gaggawa. Ya duba taswira ya ce katanga ɗaya ce ta tare ruwan, ta gidan Ya Falmata mai bandar kifi. A jikin katangar nan ɗakin kwananta yake, a nan murhun bandarta yake.

Wata Talata da hantsi muka je. Injiniya ya zauna a mota, ni kuwa don kunya ko sallama ban yi ba na kama shafa fenti. Sai ga ta ta fito, hayaƙi na bin ta.

"Sale! Kai ne da fenti? Shekara nawa Hansatu na cin gyarana?"

"Ya Falmata, aiko ni aka yi."

"Shi wanda ya aiko kan, ƙafarsa ce ke ciwo?"

Injiniya ya ji, ya sauko yana dariyar yaƙe. Kafin ka ce me, unguwa ta taru. Mai unguwa ya ce, "Yallaɓai, takardarku kwana ɗaya ta yi ta iso mu. Tamu fa? Sau uku muna rubutowa kan kwalbatin titi da ya toshe, ko amsa babu."

Injiniya ya ce shi bai ga wata takarda ba. Gaskiyarsa, bai zo ba a lokacin. Masinja dai ba ya tsoma baki gaban manya. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, ni na karɓe su. Da kunnena na ji an ce a ajiye sai bayan damina. Damina uku ke nan."

Ya Falmata ta ce masa, "Zo nan, ɗana, ka cire takalmin." Ta kai mu bayan murhu, inda wani gungumen giginya ya tokare katangar. Jikinsa duk tsaga-tsaga ne. Ashe marigayi mijinta, masunci, kowace shekara yakan tsaga da wuƙa daidai inda ruwa ya tsaya. Da ya rasu ta ci gaba. Sama da ashirin suna can ƙasa, iyakacin idon sawu. Uku kawai, na baya-bayan nan, suka hau gwiwa.

Ta ce, "Katangar nan ta girme ka a aiki. Shekara ukun nan ne ta koyi tare ruwa?"

Injiniya ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce a kai shi kwalbatin. Muka tarar yashi da ciyawar kacalla sun cushe shi, ko ƙadangare ba zai wuce ba. Kuma yashe shi aikin sashenmu ne. A gaban kowa ya ce, "Laifinmu ne, Baba mai unguwa. An janye takardar." Kwana huɗu leburorinmu da mazan unguwa suka yi suna kwasa, tsohuwa na aiko musu da bandar tarwaɗa.

Na ce bari in goge fentin, ta hana. Wai a bar shi, in ta gan shi ta riƙa tuna rashin kunyata.

Da damina ta zagayo ruwa ya janye, ta aika a kira ni, ta ce in taho da ragowar fentin. Ta nuna mini gungumen da yatsa, can ƙasa, ta ce, "Hannuna ya fara rawa. Kai ka zana na bana."

Na durƙusa na zana. Tun daga ranar ban sake taɓa katangar kowa ba sai na yi sallama na shiga ciki. Mutanen nan ba doka suke ƙi ba, so suke mu ma ta hau kanmu. Kuma ku sani, ko ba su da fayil, suna da inda suke ajiye lissafin aikinmu.