Kwana Bakwai Kafin a Yi wa Inna Fiɗa

Ran wata Laraba cikin kakar 1966, ina da shekara goma sha ɗaya, na dawo daga lakwal, wato makarantar boko, na iske gidanmu na Allakaye tsit kamar an yi rasuwa. Ga dammunan gero jibge bakin rumbu, ba wanda ya taɓa su. Inna na zaune gindin turmi, Baba kuwa na tsaye da wata takarda a hannu. Wata takwas ke nan da wani ƙulli ya fito wa Inna a nonon hagu. An sha rubutu, an shafa sassaƙe, wanzami ya yi ƙaho, amma sai ƙara tauri yake kamar ƙwallon goriba. A ranar ne malamin asibitin Buza ya ce ciwon daji ne, sai an kai ta asibitin mishan nan da kwana bakwai, a cire nonon gaba ɗaya.

Kakarmu Iya, wadda ta haifi Inna, ta ce ba da yawunta ba. "Mace ta koma ga Ubangijinta da rabin jiki? Mi za ta ce mishi?" Inna ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Iya, in na tsaya, ba rabi ba, duka za ku rufe." Kwana uku Iya ba ta ci tuwon gidanmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yayen ƙanwata Zali, wadda ko shekara ɗaya da rabi ba ta cika ba. Inna ta shafa ruwan garahuni a nonon mai lafiya. Zali ta kama, ta ji ɗaci, ta saki tana kallonta, sannan ta tsala ihu. Ni aka ɗaura wa ita a baya, ina zagaya dangar gida da ita har muryarta ta dushe, ina jin Inna cikin ɗaki tana jan hanci. Na daina zuwa lakwal, na daina gaɗa da ƙawayena. Kullum da hantsi Inna za ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake tuƙa tuwo ba gudaji, da wadda zan je wa in Zali ta yi zazzaɓi. Tana magana da sauri, ni kuwa ina tsoron tambayarta dalilin saurin. Ana jibi tafiya ta bi gidajen unguwa ɗaya ɗaya tana neman gafara.

Ran tafiyar, kamiyo, wato babbar motar kaya, ya tsaya bakin kasuwa. Sai ga Iya da ƙwaryar fura, ta miƙa wa Baba ba tare da ta dubi kowa ba. Inna ta kama kunnena ta ce, "Kada ki bari Zali ta gan ki kina kuka."

Bayan kwana arba'in ta dawo, a rame, hannun hagu a kumbure, zane ɗaure har wuya. Zali ta gan ta, ta ɓuya bayana. Inna ta yi dariya har da hawaye, kuma ta ƙara shekara tara tare da mu.

Yau 'ya'yana kan je a duba su tun ba su ji ciwo ba, kuma in an shiga da mutum ɗakin fiɗa, kafin la'asar waya ta kawo labari. Mu sai da muka yi kwana arba'in muna kallon hanya. Na girmi Inna yanzu da shekaru masu yawa, amma har yau ban kai ta ƙarfin zuciya ba.