Abin da Ke Gudu a Gudawa

Jiya ina kaɗa wa 'yata ruwan gishiri da sukari, ƙarar cokali a cikin kofi ta mai da ni ƙauyenmu, can gefen Aujara.

Kakata, mahaifiyar babanmu, ba ta yarda a ambaci ƙazanta da sunanta a gidanta. Yaro ya ce zawo, sai ta harare shi. Gudawa ake cewa. Wata rana tana tsince wake na tambaye ta dalili.

"Ke ba ki ga mai shi ba?" in ji ta. "Da gudu yake nufar bayan gida. Shi ma bayan gidan ai kunya ce ta raɗa masa suna, don da can bayan danga ake zagayawa."

Na yi ta dariya. Har wasa muka mai da shi ni da ƙanena, ya riƙe ciki ya zura a guje, ni ina binsa.

Daminar da ta biyo baya aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kududdufi ya cika ya haɗe da rijiyarmu, gero ya fi mutum tsawo, ko'ina warin laka. A lokacin ciwon ya shigo gari, amai da gudawa tare. Ya kama ƙanena da hantsi. Abin da na fara lura da shi, bai gudu ko'ina ba. Yana kwance kan tabarma, abu na zuba kamar ruwan wankin shinkafa, idanunsa sun faɗa. Inna ta ba shi jiƙo, ya dawo da shi.

Baba ya ɗaura wa shanu amalanke zai kai shi asibitin Jahun. Hanya ta zama taɓo, ƙafafun amalanken suka nutse. Ya saɓa yaron a kafaɗa ya ci gaba da ƙafa. Kafin la'asar ya dawo da shi a rufe da rawaninsa.

Bayan an watse daga zaman makoki na sami Kaka zaune ita kaɗai. Ban tambaye ta komai ba, ita ta yi magana.

"Rabin zancen gudawa na gaya miki, jikata. Ba mutum ke gudu ba. Ruwan jikinsa ne ke gudu, rai ya bi bayansa."

Yanzu a Dutse nake aure. Na san sunan da likitoci ke kiran ciwon, kwalara, na kuma san abin da ke kawo shi. Sanin bai kai wa ƙauyenmu ruwa ba. Famfon da aka haƙa musu ya lalace tuntuni, an koma rijiyar nan. Kaka ta rasu, Baba ma haka, jikokinsu ke sha.

Shi ya sa idan damina ta kankama, waya ta yi ƙara na ga lambar gida, nakan tsaya ina kallonta, ina lissafa yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, kafin in ɗauka.